Idan ƙoƙon tsakiyar lasifika ya lotsa

Kada ka yi saurin canza lasifikar, salatif ya isa.

Kashe na'urar. Yanki ɗan salatif, ka fara manna shi a rigarka don danƙonsa ya ragu. Ɗora shi a kan lotsawar, ka shafa a hankali, sannan ka ja waje kaɗan-kaɗan. Nawa, wanda yaro ya danna da yatsa, sai a karo na uku ya yi ɓas ya miƙe.

Amfanin ƙoƙon nan tare ƙura ne, kada ta shiga tsakanin koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ciki, da maganaɗisu. Shi ya sa a babbar lasifika mai bes, lotsawa ba ta cika taɓa sauti ba, ido kawai take damu.

Amma tuwita, 'yar ƙaramar mai siririn sauti, daban ce. Ƙoƙon shi kansa ke fitar da sautin, in ya lotsa za ka iya jin bambanci.

In ƙoƙon na takarda ne, salatif mai ƙarfi zai ɗaye shi. In na alminiyom ne, ko ya miƙe tabon yana nan.

Jawo lotsawar da allura kuwa ni ba na so, huda take bari, sai an toshe da gam.