Darasi na 7: Duba Babur Mai Ƙafa Huɗu Kafin a Biya Kuɗi

Babur mai ƙafa huɗu, wanda masu sayar da shi suke kira kwad, abin hawa ne da ake zama a kansa kamar yadda ake hawan moto, sai dai tayoyinsa huɗu ne masu faɗi da taushi, kuma da babban yatsan hannun dama ake danna toturinsa. Kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fitar da irinsa mai ƙafa uku a shekarar 1970, sannan Suzuki ya fitar da mai ƙafa huɗu a 1982. A 1988 aka daina sayar da sabbin masu ƙafa uku a Amurka saboda yawan kifewa da suke yi da mahayansu. Akwai na wasa da tsere, akwai kuma na aiki, kuma na aikin ne wannan darasi ya shafa: shi ne mai kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, gaba da baya, da maƙalar jan tirela, da ƙaramar giya mai ƙarfi don hawan tudu.

Kafin mutum ya doshi shago, ya kamata ya zauna ya rubuta aikin da yake so baburin ya yi masa, domin mai lambu a Gidimuni da yake fitar da kayan miya ta cikin rairayi, da makiyayin da yake kai wa dabbobinsa ruwa a arewacin Tanut, da mai gonar rake a kwarin Korama, ba buƙatarsu ɗaya ba. Wanda zirga-zirgarsa duka tsakanin Birni da Zango da Kasuwar Dole ce, shawarata ita ce ya nemi adaidaita sahu ko moto mai ɗaukar kaya, domin kamfanonin da suke ƙera kwad da kansu sun yi gargaɗi cewa ba don kwalta aka yi tayoyinsa ba, kuma a kan kwalta yana gardamar shan kwana.

Abu na farko da za a nema a jikin baburin shi ne rubutun nauyin da aka yarda ya ɗauka. Ana manna shi a kan kariya ko kusa da ita, kuma yana cikin littafin da ya zo da shi. Na taɓa raka yayana duba wani sabo, mai shagon yana ta bubbuga kariyar baya da tafin hannu yana cewa, "Alhaji, wannan ai ko buhu biyu ka ɗora masa ba zai ce uffan ba." Yayana bai musa ba. Ya sunkuya, ya share ƙurar da ta rufe takardar da gefen rigarsa, ya ce, "Malam, taimaka ka karanta mini wannan lambar, idona ba ya gani sosai." Kilo 60 aka rubuta. Buhun gero cikakke kilo 100 ne, wato tiya 40, don haka ko buhu ɗaya ya fi ƙarfin wannan kariya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka biyu masu lita 25 sun kai kilo 50, ta uku kuwa ta ƙetare iyaka. Matsakaitan baburan aiki irin Honda Rancher 420 suna ɗaukar kilo 30 a gaba da kilo 60 a baya, manya irin Yamaha Grizzly 700 kuma kilo 50 a gaba da kilo 90 a baya. Ƙarfen kariyar yana iya jure fiye da haka ba tare da ya lanƙwashe ba, kuma a nan ne mutane suke ruɗuwa. Haɗarin shi ne kaya masu nauyi a baya suna sa gaban babur ya yi sauƙi, da zarar an fuskanci tudu sai ya ɗaga kai ya juyo kan mahayinsa, alhali shi kansa baburin nauyinsa yakan kusanci kilo 300 ko ya wuce.

Bayan nauyi sai numfashin inji. A ƙasarmu ta Damagaram ƙura ce babbar abokiyar gabar kowane inji, musamman daga watan Disamba zuwa Fabrairu lokacin da hazo yake rufe gari. Mai saye ya roƙi a cire sirdi a buɗe masa akwatin matatar iska a gabansa, ya lura ko ana buɗe shi da hannu ko sai an nemo sifana, domin aikin da yake da wuya ba a yawan yin sa. Matatar soso ta fi dacewa da mu, tunda ana wanke ta, a shanya, a shafa mata mai, a mayar, ita kuwa ta takarda idan ta toshe sai dai a sayi wata. Ya bi bakin murfin da yatsa ya tabbatar robar da ke hana ƙura shiga ta zauna daidai ko'ina, domin ɗan rairayin da ya sami kafa ya wuce zuwa cikin inji yana cin ƙarfe ne a hankali har inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. Ya kuma tambaya ko da iska injin yake hucewa ko da ruwa. Mai ruwa yana da lagireto da fanka, kuma ya fi jure tafiyar hawainiya da kaya a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi yake haura digiri 40, amma yana buƙatar a riƙa share ciyawa da ƙarangiyar da suke toshe fuskar lagireton. A bar injin yana aiki a tsaye har ya ɗauki zafi, a saurara a ji fankar ta tashi da kanta.

Tayoyin kwad iska kaɗan suke so, wajen kashi ɗaya cikin uku na bar zuwa rabin bar (bar shi ne awon ƙarfin iskar taya), alhali tayar ƙaramar mota tana shan bar 2 ko fiye. Mai facin da bai saba da su ba zai cika su tim kamar na moto, daga nan babur ya riƙa tsalle yana nitsewa a rairayi. Shi ya sa ƙaramin ma'aunin iska na musamman yake cikin kayan da ya kamata a nema tun ranar ciniki. A jikin yawancin tayoyi akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi su. Misali 1223 na nufin mako na 12 na shekarar 2023. Sabon babur yana iya yin shekaru a ajiye, kuma roba da batir ba sa jiran mai saye.

Kada a yarda da gwaji a kan daɓen shago. A nemi fili mai rairayi, a tafi da tayoyin baya kaɗai suna ja, sannan a tsaya a sa huɗun duka su ja, a ji bambancin. A gwada ƙaramar giya da giyar baya, a kama birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya, a sassauta hannu kaɗan a tafiya a hankali a ga ko yana karkata gefe guda. Yawancin baburan nan da bel na roba suke canza gudu da kansu, kuma bel ɗin yana ƙonewa idan ana jan kaya a rairayi da babbar giya, don haka duk warin roba da aka ji lokacin gwaji abin tambaya ne.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, a ganina, ba a jikin baburin take ba. A ce wa mai shago ya ɗauko bel, da matatar iska, da matatar mai, da takalmin birki na wannan samfurin ya ajiye a kan tebur, ya faɗi kuɗin kowanne. Idan ya ce sai an aika Kano ko Yamai, a tambaye shi kwana nawa, kuma wa zai biya kuɗin mota. Ko Honda ne, ko Yamaha, ko na ƙasar Sin irin CFMOTO, baburin da ba a samun kayan gyaransa kuma babu makaniken da ya san cikinsa zai iya kwana a zaure tun daga shuka har girbi. Yana da kyau a je da makaniken da zai riƙa kula da shi tun ranar farko. Sannan a gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da wadda ke kan takardar duwan da takardar ciniki, ɗaya bayan ɗaya, kuma a sa a rubuta sharuɗɗan garanti, kada a tsaya ga alkawarin baki.

Game da ƙarin kaya, hular kwano ce kaɗai ba ta jira. Sauran a dakata har an yi juyen baƙin mai na farko, wanda yawanci yakan zo bayan awa 20 na aiki, domin a lokacin mai babur ya san abin da ya rasa da gaske. Duk abin da aka ɗaura yana cin rabonsa daga nauyin da aka yarda: akwatin ƙarfe mai kilo 15 a kan kariya mai ɗaukar kilo 60 ya bar wa kaya kilo 45 kawai. Ga mai buhuna, tirela ƙarama ita ce amsa, domin babur yana jan abin da ya ninka wanda yake goyawa sau da yawa, muddin an ɗaure ta a maƙalarta ta ƙasa, ba a jikin kariya ba, kuma an tuna cewa birkin babur ne zai tsayar da su biyun a gangara. Faranti mai kare cikin inji yana da amfani a wuraren duwatsu irin na kewayen Zinder, haka ma ruwan da ake zubawa cikin taya don toshe hujin ƙayar aduwa da bagaruwa. Injin jan igiya da manyan fitilu kuwa suna shan batir ƙwarai, kuma kada a yarda a yanka wayoyin asali don haɗa su, a sa musu fis nasu daban, tunda yankan waya yana iya soke garanti. Kujerar da ake ƙarawa a baya don goyo ita ce ba zan ba kowa shawarar saye ba. Dogon sirdin da ake gani an yi shi ne don mahayi ya riƙa matsawa gaba idan zai hau tudu, baya idan zai gangara, kuma a jikin baburin manya akwai gargaɗin cewa ba a goyo, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 16 ba.

Aikin aji: wani babur yana ɗaukar kilo 30 a gaba da kilo 60 a baya, an kuma ɗaura masa akwati mai kilo 10 a baya. Idan tiya ɗaya ta gero kilo biyu da rabi ce, kowane ɗalibi ya lissafa tiya nawa za a iya ɗorawa a gaba, nawa a baya, sannan ya rubuta sawu nawa za a yi kafin a kwashe buhu 4 daga gona zuwa rumbu.