Yadda bakanike zai kama aikin motocin zamani

A kan Fijo 504 na koyi kanikanci, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a da. Ogana ba ya taɓa sifana sai an tayar da mota ya kasa kunne tukuna, sannan ya ce a kwance kafireta ko a goge filogi. Yau in ka buɗe Corolla ko Camry 'yar Kwatano, babu kafiretar da za ka hura da baki. Injekta ce, kwamfutar motar kuma ita ke auna mata mai. Aiki bai ƙare ba, motoci ma ƙaruwa suke yi, sai dai wanda ya tsaya a kan kunne kaɗai zai koma juyen baƙin mai.

Kafin ka yi zancen na'urar bincike, sayi mitar gwada wuta ka iya ta. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 in mota na kashe, in tana aiki kuma wajen 14. Ka koyi bin waya daga fis har inda ta ƙare, ka gane inda ta tsinke ko ta yi tsatsa. Da muna cewa wannan aikin mai rewaya ne, ba ruwanmu. Yanzu da ruwanmu. Ni sai da na yi wata uku ina zama wurin wani yaro mai rewaya da na girme wa nesa ba kusa ba, ina miƙa masa kaya. An yi mini dariya a gareji, na shanye.

Sai na'urar. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tsarin gano matsalar mota da ake kira OBD2, shi ya sa za ka tarar da wani soket mai ƙofa 16 da ake jona na'urar, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ba dole sai babbar na'ura ba. Akwai 'yar ƙarama da ake haɗawa da wayar hannu, ta ishe ka farawa.

To amma a nan ake tafka asara. Na'urar lamba take ba ka, ba ta cewa ga abin da za ka canza. Wani Alhaji ya kawo mini Corolla tana rawa in an tsaya, na jona, ta nuna P0171, wato iska ta yi wa mai yawa. Ina ɗokin sabon abu, na ce sensa ce. Aka sayo aka ɗaura, kwana biyu wutar gargaɗi da ke allon motar ta sake kamawa. Ashe wani tiyon roba ne ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, yana shan iska. Daga aljihuna na biya kuɗin sensar. Tun ranar, in na ga lamba sai na rubuta ta a littafi, na gwada da mita da hannu, kuma ba na goge ta sai gyara ya tabbata.

Mota mai haɗa fetur da lantarki, irin su Prius, batirinta ya haura bolt 200. Duk wayar da ka gani ruwan lemo, kada ka kai hannu. Ka kashe motar, ka nisanta makulli, ka sa safar roba ta masu aikin lantarki, ka zare filogin babban batirin, ka jira minti 10. Kada shirunta ya ruɗe ka: in allo ya nuna READY, injin zai iya tashi da kansa hannunka na ciki.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu tambayar a mayar musu da mota mai gas na CNG, wato iskar gas da aka matse a tukunya, suka yawaita. Wannan kam ba a koyon sa da kallo, nemi inda ake horarwa. Matsin tukunyar ya ninka na tayar ƙaramar mota kusan sau 90, tukunyar gas ɗin girki kuwa ba za ta ɗauka ba.

Mota mai lantarki zalla ba ta da filogin inji, ba salansa, ba juyen baƙin mai. Amma tana da birki da taya da ƙafafu, ramukan titunanmu kuwa ba sa tambayar me ke jan mota. Shi ya sa sabon yaro in ya zo wurina, aikin ƙafa da birki nake fara ba shi, mita kuma tana aljihunsa tun makon farko.