Yadda Ake Ziyartar Wurin Bautar Fushimi Inari a Japan

'Yan kasuwarmu na Agege da Ladipo da ke zuwa Japan sayen motoci da kayan gyara sukan sami kwana ɗaya ba aiki. Wanda hanya ta kai shi Osaka ko Kyoto, ya ba Fushimi Inari da ke birnin Kyoto wannan ranar. Babu jirgi kai tsaye daga Legas, sai an yada zango a Doha ko Adis Ababa.

Daga tashar Kyoto ka hau jirgin ƙasa na layin JR Nara, ka sauka a tashar Inari, tasha ta biyu, tafiyar minti 5.  Shiga wurin bautar kyauta ne, kuma ba a rufewa dare da rana. Ka isa kafin ƙarfe 8 na safe, don da hantsi ba masaka tsinke.

An kafa wurin a shekarar 711 domin Inari, abin bautar shinkafa da kasuwanci a Shinto, addinin gargajiyar Japan. Tatsuniyarsu ta ce wani attajirin dangin Hata ya harbi curin shinkafa da kibiya, curin ya zama farin tsuntsu ya sauka a kan dutsen da wurin yake a gindinsa, shinkafa ta tsiro a inda ya sauka. Babbar ƙofar shiga, Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, shi ne ya gina ta a 1589, babban ɗakin bauta kuwa ginin 1499 ne, rufinsa na ɓawon itace, gabansa ya zubo ƙasa fiye da bayansa. Gumakan yanyawa da ke gadi su ne 'yan aiken Inari. Dubi bakinsu, wani na riƙe da mabuɗin rumbu.

Abin da ke kawo jama'a shi ne dubban jajayen ƙofofin katako da ake kira torii, jere kamar rumfa har saman dutse. Kamfanoni da 'yan kasuwa ne ke ba da su, in ka waiwaya za ka ga sunan mai bayarwa da kwanan wata a jikin ginshiƙi. Dutsen tsayinsa mita 233, hawa da sauka awa 2 zuwa 3, yawanci matakala ce. Mai ciwon gwiwa ya tsaya a mararrabar Yotsutsuji, inda ake hango birnin, ya juyo. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, matakalan na santsi in an yi ruwa.

Ga Musulmi, abin kula shi ne raba ladabi da ibada. A bakin shiga akwai kwamin ruwa inda masu bauta ke wanke hannun hagu, sai dama, su kurkure baki. A gaban ɗakin kuma suna jefa tsabar kuɗi, su rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su sake rusunawa. Wannan duk bautarsu ce, haka ma takardun duba da layun da ake sayarwa. Ba wanda zai tilasta maka, ba kuma wanda zai ji haushi don ka wuce. Naka shi ne ka bi gefen hanya, don tsakiya ta abin bautarsu ce a wurinsu, ka rage murya, kada ka tare mai addu'a da kyamara, kada ka ci abinci kana tafe a harabar.

Shagunan ƙasan dutse na sayar da shinkafa a cikin soyayyar awara, amma sau da yawa akwai giyar shinkafa ta girki a romonta, sai ka tambaya ko ka zo da guzurinka. Ka sauko kafin magariba, aladun daji na fitowa a saman da dare.