Yadda na gyara guntayen sautin da suka ƙi zama a kan kiɗa

Duk guntun sautin ganga da na ɗora a manhajar haɗa kiɗa sai ta fito da gaggawa, muryarta ta yi siriri, ta kuma riga sauran kayan kiɗan ƙarewa. Saurin waƙar yana nan yadda na sa shi, don haka na koma kan fayilolin kansu.

Ashe an naɗe su ne a kan ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, katin sautina kuwa, wato na'urar da ke fitar da sauti daga kwamfuta, yana aiki a kan 48,000, kuma babu abin da ke sauya ɗaya zuwa ɗaya. Sai na'urar ta riƙa karanta su da ƙarin saurin kusan kashi 9 cikin ɗari. A takarda kaɗan ne, amma kunne ba ya yafe shi, musamman idan akwai mawaƙi a kai. Na buɗe su a Audacity, manhajar gyaran sauti, na mayar da su 48,000, na daidaita aikin da katin a lamba ɗaya. Murya ta dawo mazauninta.

Saura wani ƙas-ƙas a farkon kowane bugu. An yanke guntayen ne a tsakiyar igiyar sauti, ba inda ta ratsa sifili ba. Na sa sautin ya shigo a hankali cikin milisakan 5, sai ƙas-ƙas ɗin ya ɓace.

Karkarwar da ke zuwa idan waƙa ta cika kuwa, bafa ce, wato ma'ajiyar da sauti ke ɗan taruwa kafin ya fita, ta yi ƙanƙanta. Na ɗaga ta daga samfuri 128 zuwa 512. Sai zan naɗi murya nake sauke ta, saboda babbar bafa tana kawo jinkirin sauti.