Yadda Ake Renon Tsirrai a Tankin Kifi Ba Tare da Gansakuka Ta Rinjaye Su Ba

Tsiron da ke cikin tankin gilashi yana rayuwa ne da abubuwa uku, wato haske da iskar kabon da ke narke a ruwa da kuma taki, kuma duk lokacin da ɗaya ya zarce sauran, gansakuka ce take cin moriyar rarar. A ganina, kuskuren da ya fi halaka tankunan masu farawa shi ne yawan haske, domin mutum yakan ga tsironsa ya ƙi girma sai ya ƙara wa fitila ƙarfi, alhali abin da tsiron ya rasa iskar kabon ce ko taki.

A fara da tsirran da suke jure ƙarancin haske, irin su Anubias, wanda asalinsa daga rafukan yammaci da tsakiyar Afirka ne, da Java fern da Vallisneria da Cryptocoryne. Waɗannan ba sa buƙatar na'urar zuba iskar kabon. A shimfiɗa ƙasar shuka ta musamman ko ƙananan tsakuwa a ƙasan tankin har shimfiɗar ta kai kaurin santimita 5 zuwa 8, sannan a zuba ruwa a hankali a kan faranti don kada ya tono shimfiɗar.

Wajen dashe ne ake buƙatar natsuwa sosai, saboda ba kowane tsiro ne ake binnewa ba. Anubias da Java fern suna da kara mai kauri da yake kwance, ganye na fitowa ta samansa, saiwoyi ta ƙarƙashinsa, kuma idan aka binne wannan karan sai ya ruɓe, tsiron ya mutu gaba ɗaya. Abin da ake yi shi ne a ɗaure shi da zare a jikin dutse ko guntun itace, bayan 'yan makonni saiwoyin za su kama da kansu. Vallisneria da Cryptocoryne kuwa a ƙasa suke ci, don haka a binne saiwoyinsu kawai, a bar mahaɗar saiwa da ganye a waje, sannan a cusa ƙwayar taki kusa da gindinsu.

Kada hankali ya tashi idan ganyen Cryptocoryne ya narke a makonnin farko. Yawancin tsirran da ake sayarwa an rene su ne ganyensu a wajen ruwa, saboda haka sai sun zubar da tsohon ganye kafin su fitar da wanda ya saba da zama cikin ruwa. Muddin saiwar tana da ƙarfi, a cire ruɓaɓɓen ganyen a bar gindin a inda yake, domin tumɓuke shi a wannan lokacin shi ne ainihin asarar.

A kunna fitila awa 6 a kullum a watan farko, a ƙara zuwa awa 8 bayan tsirran sun kafu, kuma ya fi kyau a haɗa ta da agogon da yake kunnawa da kashewa da kansa. A nisanta tankin daga tagar da rana ke shigowa. Zafin ruwa tsakanin digiri 22 da 28 na ma'aunin Salshiyas ya wadatar wa waɗannan tsirrai.

Duk mako a canja kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a kuma sa wa sabon ruwan famfo maganin kashe sinadarin kulorin tun bai shiga tankin ba. Ganye yana nuna abin da ya rasa: idan sabon tofo ya fito fari-fari ko rawaya, galibi sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci, idan kuma ƙananan huji suka bayyana a tsohon ganye, sai a duba ko sinadarin fotashiyam ne ya yi ƙaranci. Da zarar gansakuka ta fara yaɗuwa a jikin gilashi, a goge ta, a rage awa ɗaya ko biyu daga lokacin fitila, a rage abincin kifi, sannan a jira mako biyu kafin a sake canja wani abu.