Yadda Ake Amfani da Tsofaffin Takardun da Jami'o'i Suka Ɗora a Intanet Ba Tare da Cin Haƙƙin Kowa Ba

Jami'o'i da dama sun ɗauki hotunan tsofaffin takardun da ke hannunsu ko hannun jama'a, sun ɗora su a intanet domin masu bincike. Jami'ar Boston da ke Amurka, alal misali, tana da taskar rubuce-rubucen ajami na Afirka wadda Farfesa Fallou Ngom ya jagoranci haɗa ta, a ciki har da na Hausa, kuma an ɗauki hotunan ne daga littattafan da malamai da iyalansu suke ajiye da su. Ɗalibin da ke Zariya ko Damagaram yana iya buɗe waɗannan shafuka a wayarsa, ya ƙara girman hoton har ya ga inda tawada ta yi kauri da inda gara ta ci gefen takarda. Sai dai wannan sauƙi ya sa mutane da yawa suna ɗauka cewa duk abin da na'ura ta yarda a sauke ya zama nasu, alhali kuwa sau da yawa jami'a ta ba da damar karantawa ne kawai, sauran haƙƙoƙi suna nan a hannun masu su.

Abu na farko da mai bincike zai riƙe shi ne, shafi guda yana iya ɗaukar haƙƙin mutum uku. Akwai wanda ya wallafa maganar, ko magadansa idan ya rasu, kuma su ne doka ta ba haƙƙin mallaka. Akwai mai takardar kanta, wato gidan malamin da ya gaje ta ko ɗakin karatun da ya karɓe ta amana, wanda sau da yawa ya gindaya sharaɗi kafin ya yarda a ɗauki hoto. Sannan akwai jami'ar da ta ɗauki hoton, wadda take da ƙa'idojin amfani da shafinta. Mallakar takarda ba ta ba mutum haƙƙin abin da aka rubuta a kanta, shi ya sa jami'a takan ce ita ma ba ta da ikon ba da izinin bugawa, sai dai a nemi magada.

Kafin ka sauke komai, karanta bayanin da ke tare da hoton, domin a nan ake rubuta matsayin haƙƙinsa. Idan ka ga alamar lasisin Creative Commons (CC), wato izinin da mai haƙƙi yake ba jama'a su yi amfani da aikinsa bisa sharaɗi, haruffan da ke biye su ne sharaɗin. CC BY na nufin ka yi amfani yadda kake so muddin ka ambaci mai shi. Ƙarin NC ya hana amfani na kasuwanci, ND ya hana yaɗa abin bayan an sauya shi, wanda ya haɗa da fassara, shi kuwa SA ya wajabta ka saki naka aikin da irin lasisin da ka tarar. CC0 na nufin mai haƙƙin ya sallama shi. Idan kuwa an rubuta cewa ba a tantance matsayin haƙƙin ba, wannan ba izini ba ne, nauyin binciken ne ya dawo kanka. Yana da kyau ka adana hoton wannan bayani tare da kwanan wata, saboda jami'o'i suna sauya ƙa'idojinsu.

Daga nan sai lissafin shekaru. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, tana kare rubutu da waƙa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mawallafin ya rasu, hotuna da muryoyin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne bayan ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su. A bisa wannan ma'auni, abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta, wanda ya rasu a 1817, ko Nana Asma'u da ta rasu a 1864, ya daɗe da zama na kowa. Amma waƙoƙin Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2028. A nan ne mutane suka fi zamewa, domin tsufan takarda da launin ƙasa-ƙasa da ta yi ba su ne ma'auni ba, ranar rasuwar mawallafi ita ce ma'auni. Haka kuma idan wani malami na zamani ya fassara tsohon littafi ko ya yi masa sharhi, fassarar da sharhin suna da nasu sabon haƙƙin, ko da asalin ya shekara 200.

Dokar ƙasar da za ka buga aikinka ita ce za ta hau kanka. A Amurka, abin da aka buga fiye da shekara 95 da suka wuce ya fita daga kariya, wanda ba a taɓa bugawa ba kuwa yana ɗaukar shekara 70 bayan rasuwar mai shi, ko shekara 120 daga rubuta shi idan ba a san mawallafin ba. Birtaniya tana da wata ƙa'ida mai tsanani da ya kamata masu nazarin zamanin mulkin mallaka su sani: rubutun da ba a taɓa bugawa ba, wanda mai shi ya rasu kafin 1969, yana cikin kariya har ƙarshen 2039. Saboda haka wasiƙun ƙashin kai na Lugard, gwamnan mulkin mallaka na Najeriya wanda ya mutu a 1945, da ke ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Jami'ar Oxford, suna iya buƙatar izini idan mujallar da za ta buga maƙalarka tana Ingila.

Ba kowane amfani ne yake buƙatar izini ba. Dokokin Najeriya da Birtaniya da Amurka duk sun bar ƙofa ga nazari na ƙashin kai da bincike da sharhi, muddin abin da aka ɗauko bai wuce kima ba kuma bai kashe wa mai haƙƙin kasuwa ba. Kawo baiti biyu ko uku domin a yi musu sharhi a kundin digiri yana cikin wannan. Buga waƙar gaba ɗaya a littafin sayarwa, ko sanya hoton shafin a bangon littafi, ko tara hotunan littafi sukutum a raba su a WhatsApp, duk sun fita daga ciki. A tuna kuma cewa jami'o'i da yawa yanzu suna ɗora kundayen ɗalibai a intanet, wannan kuwa yaɗawa ne ga duniya.

Idan izini ya zama dole, rubuta wa sashen da ke kula da taskar, kuma ka yi hakan da wuri, domin amsa takan ɗauki makonni. Ka faɗi sunanka da cibiyarka, da sunan rubutun da lambar ajiyarsa da shafukan da kake so, da inda za su fito, ko littafi ne ko mujalla ko shirin bidiyo, da adadin kwafi, da ko za a sayar, da ko za a ɗora a intanet. Wasiƙar da ta ce a ba ni izinin amfani da takardunku kawai takan dawo da tambayoyi. Wasu jami'o'i suna karɓar kuɗin hoto mai inganci ko da rubutun ya fita daga kariya, wannan kuɗin aiki ne. Idan an tura ka ga magada, ka je musu da ladabin da ya dace da gidan malamai, ka bayyana musu abin da za ka yi, sannan ka roƙi a sa amincewar a rubuce, saboda kamfanin ɗab'i ba ya karɓar izinin baka. Shirun mai haƙƙi ba yarda ba ne, sai dai ka ajiye shaidar neman da ka yi, ka nuna wa kamfanin ɗab'in da zai buga aikinka ku yanke shawara tare.

Akwai kuma abin da doka ba ta hana ba amma amana ta hana. A cikin takardun malamai ana samun laƙani da hatimi da ba a rubuta su domin kowa ba, da takardun bashi da na rabon gado masu ɗauke da sunayen mutanen da jikokinsu suke raye. A ganina, mai bincike ya tambayi gidan kafin ya fitar da irin waɗannan, ko ya sakaya sunayen.

Ambaton madogara wajibi ne ko da rubutun ya zama na kowa, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin masu kwafar littattafai sun saba rufe aikinsu da sunansu da sunan mai littafin. Ka fara da sunan mawallafi, sai sunan rubutun ko layinsa na farko idan ba shi da suna, sai sunan wanda ya kwafa da shekarar idan an sani, ta Hijira da ta Miladiyya, sai lambar warƙa ko ta hoto. Bayan haka ka kawo sunan mai takardar da garinsa yadda taskar ta rubuta, sannan sunan taskar da jami'ar da lambar ajiya. Sunan mai takardar shi ne aka fi mantawa da shi, alhali gidansa ne ya tsare ta daga ruwa da wuta shekara da shekaru. Ka yi amfani da adireshin dindindin da taskar ta bayar, irin su DOI ko Handle, maimakon dogon adireshin da ke saman allo wanda yake mutuwa idan an sake fasalin shafi, ka kuma rubuta ranar da ka duba. Idan taskar ta ba da nata tsarin ambato, ko izininka ya zo da wata jimla da aka ce a sa ƙarƙashin hoto, ka kwafe su harafi da harafi.