Yadda ake bin salsalar gida ba tare da an ƙirƙiro kaka ba

Yawancin masu wannan aiki tun a rana ta farko suke ɓata shi, domin daga sama suke farawa. Mutum ya ji ana cewa gidansu jinin wani mai tuta ne na zamanin jihadi, sai ya rubuta sunan a kan takarda, ya shiga neman tsanin da zai sauko da shi zuwa kansa. Duk wanda ya yi haka zai sami tsanin, ko da na ƙarya ne. Daga kanka ake farawa: kai, mahaifinka, mahaifinsa, ba a hawa mataki sai na ƙasa ya tsaya da ƙafarsa.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka ware wa kowane mutum shafi guda: sunan yanka, laƙabi, sunan uwa, garin haihuwa, sana'a, inda aka binne shi, da wanda ya ba ka labarin. Fensir za ka yi amfani da shi, don za ka goge da yawa.

Tsofaffin mata ne ma'ajiya. Gwaggo da inna sun fi baffa sanin wace ce ta haifi wane, wa aka saka, wa ya zo agola. Ka je da goro ko turare, ka nemi izini kafin ka kunna rikodar waya, kuma ka zauna da kowa shi kaɗai. In ka tara su a zaure ɗaya, mai babbar murya ne zai yi magana, sauran su bi shi da "haka ne". Kada ka ce, "Baba, ashe daga Borno muka zo?" Amsar ka ba shi ke nan. Cewa za ka yi, "Baba, mahaifin Malam a ina aka haife shi?"

Wurin da aikin ke rushewa shi ne sunaye. Gida ɗaya sai ka tarar da Muhammadu huɗu, saboda ana mayar wa jika sunan kaka. Daga nan alkunya ta rufe sunan, yaron ya tashi ana kiransa Abba ko Babangida, matarsa ba ta faɗin sunansa, uwarsa ma ba ta faɗi in ɗan fari ne. Wani kuma Ɗanjuma kawai aka san shi har ya rasu, alhali sunan yankansa Adamu. Kurakurai biyu ke fitowa a nan: a raba mutum ɗaya gida biyu, ko a haɗe kaka da jika su zama mutum ɗaya. Maganinsa sunan uwa. Muhammadu ɗan Hajara ba zai rikiɗe ya zama Muhammadu ɗan Rabi ba. Ka kuma kula da kalmar "kakanmu", don a bakin dattijo tana iya nufin wanda ya rayu shekara 200 baya. Haka "ɗansa ne" na iya nufin ɗan riƙo ko almajiri. Ka tambaya kai tsaye, cikin ladabi: haihuwa ce ko riƙo?

Shekaru kuwa da abin da ya faru ake kamo su. In an ce an haifi mutum shekarar da Nasara suka ci Kano, 1903 ke nan. Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa ta fara a 1893, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yunwar Kakalaba kuma wajen 1914. In ka sami kwanan wata na Hijira a bayan Alƙur'ani ko cikin gafakar wani malami, ka ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622: 1321 za ta ba ka 1903. Sannan ka gwada lissafinka da kimanin shekara 30 tsakanin uba da ɗa. Wanda ya ce kakan mahaifinsa ya yi yaƙi a 1804, to akwai mutum biyu ko uku da suka faɗi a hanya.

Alamar gida da Turawa ke zanawa a garkuwa, mu a fuska da baki muka ajiye ta. Tsagar Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, shaida ce mai kyau in ta fito a tsohon hoto, amma ba hujja ce ita kaɗai ba, don baƙo kan ɗauki askar garin da ya zauna. Wasan taubasantaka ma alama ce: wa kakanka ke tsokana, Barebari ko Yarbawa? Kirari kuwa yakan riƙe suna da zamani. "Katsina ta Dikko" na nuni ga Sarki Muhammadu Dikko da ya hau a 1906, haka kirarin gidanku zai iya ɓoye sunan wanda ya kafa shi. Ka sa maroƙin gidan ya rera, ka rubuta kalma bayan kalma, amma ka tuna yabo ne sana'arsa.

In dattijo ya yi shiru a kan wani suna, kada ka matsa. Bauta da rikicin gado sukan kwanta a irin wannan shirun.

Takardu a ƙarshe ake zuwa gare su. Rajistar rabon gado ta kotun alƙali ta fi komai amfani, don tana jera magada da sunayensu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House a Kaduna suna da rahotannin gundumomi, sai dai masu sarauta suka fi ambata. In reshenku ya bi fataucin goro zuwa Gwanja, ko hijirar da ta kai mutane Mai Wurno a Sudan, sai ka nemi dattawan zangon can. Gwajin DNA kuwa kuɗi ne mai yawa, kuma ba ya ba da sunan kakan kowa.

Da ka gama, ka zana bishiyar salsalar a kwali, layin da mutum biyu suka tabbatar ka ja shi da biro, na baki ɗaya ka bar shi da fensir. Masu son alamar gida don zumunci su ɗauko taken daga kirarinsu, su bar kakaki da sandar girma ga masu su. Ka yi kwafi uku, ka raba a gidaje uku.